Argungu Ta Fi Legas Kusa: Magana Kan Ƙwallon Manyan Makarantunmu

 Yau mu aka miƙa wa alƙalami, kuma mun san wasu za su ce to, yau kuma ƙwallo aka kawo mana. E, ƙwallo ne. Amma a ɗan yi haƙuri a bi mu a hankali, domin maganar ta shafi hanya, ta shafi kuɗi, ta kuma shafi takardar shaidar da da yawanmu ke riƙe da ita a cikin akwati.

Wani daren Asabar muna zaune a gidan kallo a nan Gwadangaji, an tashi daga wasan Firimiya, jama'a sun fara watsewa, mai gidan kallon yana ta latse-latsen rimot kafin ya kashe janareta. Sai ya faɗa kan wata tasha da ke nuna ƙwallon Amurka, wannan mai siffar ƙwai da ake runguma a ruga da ita, 'yan wasa sun sha hulunan kwano da kafaɗun roba kamar masu shirin fita yaƙi. Babu wanda ya san dokar wasan a cikinmu, taron da muka gani ne ya zaunar da mu. Fili ya cika maƙil, kowa da riga kala ɗaya, ga 'yan badujala suna ta kiɗa. Dattijon da ke sayar da shayi a ƙofa ya leƙo ya ce, "Samari, wanga kofin duniya na?" Muka ce, "A'a Baba, ɗiyan makaranta na, jami'a da jami'a." Ya kalle mu, ya kalli talabijin, ya girgiza kai ya koma bakin tukunyarsa.

Da gaske ɗalibai ne. Filin wasan jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. Tun daga wannan dare muka fara bibiyar labarin, sai muka tarar ashe gidan da muka hango da kyau daga waje, cikinsa ana ta rushe-rushe.

Ga yadda abin yake. Jami'o'in Amurka ba sa buga gasa guda ɗaya irin ta Firimiya. An kasa su rukuni-rukuni, kuma asalin rabon maƙwabtaka ce: makarantun da ke yanki ɗaya su haɗu, su tsara jadawali, su yi ta karawa da juna duk shekara. Na gabar tekun yamma suna da nasu rukunin mai suna Pac-12, wanda tushensa ya koma 1915. Na tsakiyar ƙasar ta arewa suna da Big Ten. Na kudu maso gabas suna da SEC. Na gabar Atlantika suna da ACC. Sunayen da kansu taswira ce. Uba ya kalli wasan makarantarsa da ta garin maƙwabta, ɗansa ya zo ya kalla, jikansa ma haka.

Sai a watan Yunin 2022 jami'o'i biyu na birnin Los Angeles, USC da UCLA, suka ba da sanarwar za su bar Pac-12 su koma Big Ten. Bango ya tsage. A lokacin bazarar 2023 sauran suka bi sahu: Oregon da Washington suka nufi Big Ten, Colorado da Utah da jami'o'in Arizona biyu suka shiga Big 12, Stanford da jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, waɗanda ke shaƙar iskar tekun Fasifik, suka shiga rukunin da sunansa ke cewa gabar Atlantika. Rukunin da ya haura shekara ɗari ya wayi gari da mambobi biyu tak, Oregon State da Washington State, har sai da suka je kotu kafin su riƙe abin da ya rage na gidan. Yau rukunin da ake kira Big Ten, wato manya goma, jami'o'i 18 ne a cikinsa. Ko lissafin suna ma an daina damuwa da shi.

Me ya jawo? Kuɗin talabijin. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka shigar, cewa hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasa, NCAA, ba ta da ikon riƙe cinikin nuna wasanni ita kaɗai. Daga nan kowane rukuni ya zama ɗan kasuwa mai sayar da hajarsa. Gidan talabijin kuwa ba ruwansa da wane ne maƙwabcin wane, abin da yake tambaya shi ne ido nawa za su kalla. A 2022 Big Ten ta ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da Fox da CBS da NBC kan kuɗi kimanin dala biliyan 7. Pac-12 ta nemi irin wannan ciniki ba ta samu ba, sai kowa ya kama gabansa. Wasu ma da suka shiga sabon gida sun yarda a ba su kason da bai kai na 'yan gida ba, jami'ar SMU kuwa ta haƙura da kuɗin talabijin na shekaru domin kawai ACC ta karɓe ta. Mu da muka ga yadda kulob 12 na Turai suka yi yunƙurin ɓallewa su kafa gasar manya zalla a watan Afrilun 2021, muka ga kuma yadda magoya baya a Ingila suka fito titi har abin ya wargaje cikin kwana biyu, ba za mu sha wahalar gane wannan ba. Bambancin shi ne a Amurka an yi, kuma ya zauna.

Abin da aka rasa ba ya fitowa a takardar banki. Oklahoma da Oklahoma State, 'yan jiha ɗaya, sun fara karawa tun 1904. Bayan wasan 2023 suka rabu, domin Oklahoma ta bi Texas zuwa SEC. Texas da Texas A&M sun daina haɗuwa bayan 2011, ba su sake ba sai 2024, shi ma don kuɗi ya sake jefa su rukuni ɗaya. Sannan akwai wahalar da ba a nunawa a talabijin. 'Yan ƙwallon ƙwai sau ɗaya suke wasa a mako, jirginsu na haya ne. Amma yarinyar da ke buga ƙwallon raga ko yaron da ke ƙwallon kwando, su ma an ja su cikin sabon rukunin, sai su tashi daga Los Angeles zuwa New Jersey, tafiyar kusan kilomita 4,000 da bambancin agogo na awa uku, su dawo su shiga aji.

Ina aka dosa? A namu hangen, rushe-rushen bai ƙare ba, hutawa aka yi. Yarjejeniyar Big Ten za ta ƙare wajen 2030, kuma duk lokacin da kwantiragi ya kusa ƙarewa sai an sake zaman raba gado. Florida State da Clemson sun riga sun kai ACC kotu suna neman ƙofar fita, aka sasanta a 2025, kuma sulhun ya sauƙaƙa wa mai son fita nan gaba. A watan Yunin 2025 wata alƙaliya ta amince da yarjejeniyar da ta ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20 a shekara. Makarantar da za ta biya wannan dole ta nemi rukunin da ya fi maiƙo. Don haka muna ganin manya biyu, Big Ten da SEC, za su ci gaba da tsince masu tsoka, sauran su yi ta ɗinke-ɗinke, kamar yadda Pac-12 ta koma tana ɗauko irin su Boise State da Fresno State don ta sake tsayawa da ƙafarta daga 2026.

To mu ina ruwanmu? Mu da ko ragar gola sai an yi karo-karo?

Ruwanmu shi ne mu ma an zana mana taswira, kuma tamu ma ba ta bi hanya ba. Su kuɗi ne ya raba maƙwabta. Mu takarda ce ta raba mu. Jami'o'i suna da ƙungiyar wasanninsu, NUGA, wadda ta fara gasa tun 1966 a Ibadan. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA. Kwalejojin ilimi suna da NICEGA. Mai neman digiri da mai neman digiri, mai difloma da mai difloma, mai NCE da mai NCE. Wannan bambanci na digiri da babbar difloma da ke binmu har ofishin ɗaukar aiki, wanda 'yan majalisa suka sha yi wa ƙudiri amma har yau muna jin sa a jikinmu, ashe ya riga mu isa filin ƙwallo. Wa ya ce ƙwallo ta san takarda? Segun Odegbami, wanda ya ci biyu daga cikin ƙwallaye ukun da Najeriya ta zura wa Aljeriya a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1980, ɗan foliteknik ɗin Ibadan ne. A ƙungiya ɗaya yake da Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta shari'a a jami'ar Legas. Da ya karɓi ƙwallo daga ƙafarsa bai tambaye shi makin JAMB ba.

Yanzu a tsaya a nan Gwadangaji a waiwaya. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru a cikin Birnin Kebbi, wadda ta girmi jihar kanta da aka ƙirƙira a 1991. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero. Ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba. Ga kwalejin kiwon lafiya a Jega. Ga foliteknik ɗin jiha a Dakingari, ita ce mai ɗan nisa. Makarantu shida ke nan, cike da samari masu jini a jika, kowacce da filinta ko da na ƙasa ne. A bisa tsarin da muka gada, ɗan foliteknik ɗin Birnin Kebbi ya fi kusa da haɗuwa da ɗan Auchi ko ɗan Yaba a gasar hukuma fiye da ɗan jami'ar da suke hawa kabu-kabu ɗaya, suke cin tuwo a rumfa ɗaya. Ana yin wasan sada zumunta jefi-jefi, ana yin kofin sashe da sashe a makon ɗalibai. Amma a shekarun da muka yi muna karatu ba mu ga teburi mai maki ba, wanda za a ce ga na ɗaya ga na ƙarshe, baɗi kuma a dawo a rama.

Su kansu gasannin na ƙasa biki ne na 'yan kwanaki, ba kaka ba ce mai makonni. Kuma ba kullum suke zuwa kan lokaci ba. An yi NUGA a Makurdi a 2017, ba a sake ba sai 2022 a jami'ar Legas. Wanda ya shiga makaranta a tsakanin nan zai iya ƙare ƙuruciyar ƙafarsa bai taɓa sa jesin makarantarsa a gasa ba. Mai difloma ta shekara biyu kuwa ba a ma maganarsa. Muna da abokin karatu da duk wanda ya gan shi da ƙwallo sai ya tsaya, ɗan baya ne mai natsuwa, ba ya gaggawa ba ya faɗuwa. Ya gama, ya karɓi sakamako, yanzu yana sayar da kayan gyaran babur. Sana'a ce mai albarka, ba mu raina ta ba. Abin da ke mana ciwo shi ne babu takarda ko ɗaya a duniya da ta nuna ya taɓa buga ƙwallo.

An yi yunƙuri mai kyau a 2018 da aka fara gasar HiFL, wadda wani kamfani mai zaman kansa ya shirya tare da NUGA, aka samu banki ya ɗauki nauyi, aka raɗa wa ƙungiyoyi sunaye masu daɗi, aka nuna wasu wasanni a talabijin. Jami'ar aikin gona ta Makurdi ce ta ci kofin farko. Mun yaba, har yanzu muna yabawa. Sai dai a lura da abu biyu. Sunan gasar ya ce manyan makarantu, amma ƙofar da aka bi ta jami'o'i ce. Na biyu, da annobar korona da yajin aikin ASUU na 2020 suka zo, sannan na 2022 da ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sai aka ga yadda gasar da ta rataya a wuyan jami'o'i kaɗai ke tsayawa cak idan an rufe ƙofofinsu. A nan ne labarin Amurka ya zama namu. Ranar da kuɗi na gaske zai shigo ƙwallon ɗalibai a Najeriya, ko daga banki ko daga kamfanin waya, mai kuɗin zai yi tambayar da Fox ta yi: ido nawa? Zai ɗauki Legas, Ibadan, Benin, Nsukka, ya ɗauki Zariya da Kano don a ce an yi adalci, watakila ya miƙo hannu Sakkwato. Mu a nan mu ne Oregon State, tun ba a fara ba. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake yi.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ta fi nauyi a zuciyarmu. A Amurka nisa gajiya yake jawowa. A nan rai yake ci. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyarsu ta zuwa Owerri, 'yan wasa suka ji raunuka. A ƙarshen watan Mayun 2025 motar tawagar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Abeokuta ta faɗa ƙarƙashin gada a Chiromawa, gab da isa gida, mutum fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Waɗannan tawagogin gwamnati ne da manyan kulob. Ina ga ɗalibai 20 a cikin tsohuwar bas ɗin makaranta, direba ɗaya, kwana a hanya? Ga kuma man fetur, wanda tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya tashi daga ƙasa da naira 200 lita har ya taɓa haura 1,000. Ko gasar ƙwararru ta ƙasa sai da ta kasa ƙungiyoyi gida biyu a kakar 2023, gasar rukuni na biyu kuwa ta daɗe tana raba kudu da arewa. Idan masu albashi sun ji nauyin hanya, bai kamata a ɗora wa ɗalibi ita ba.

Shawararmu ke nan: a yi rukunin kwarin Rima. Makarantun nan shida, ba tare da duba wace irin takarda suke bayarwa ba. Gida da waje, kowace ƙungiya wasa 10, duka wasa 30 cikin mako 10. A tashi da safe, a buga bayan La'asar ko kafin ta, kowa ya kwana a gadonsa. Babu kuɗin otal, babu tafiyar dare. Idan ta zauna shekara biyu ko uku, sai a leƙa Sakkwato, inda akwai jami'ar Usmanu Danfodiyo da jami'ar jiha da foliteknik ɗin Umaru Ali Shinkafi, zakaran can ya kara da zakaran nan. Zuru da Yauri kuma kada a tilasta musu doguwar hanya don kawai jiha ɗaya muke, su duba wanda ya fi kusa da su ko da a Kontagora yake. Wanda ya tuna abin da ya faru da ɗaliban Birnin Yauri a watan Yunin 2021 ba zai yi wasa da maganar wace hanya za a bi da ƙarfe nawa ba.

Wani zai ce wa zai zo kallon Argungu da Birnin Kebbi alhali ga Arsenal da Chelsea a gidan kallo? Wanda ya yi wannan tambaya bai san garin nan ba. Tsakanin Kabawa da Gwandu da Sakkwato akwai tarihin da ya fi na kowace jami'ar Amurka zafi. Kusan ƙarni guda aka yi ana gwabzawa bayan da Kabawa suka bar Birnin Kebbi suka kafa sabuwar hedikwata a Argungu. Da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, da me aka tarbe shi? Da gasa. Aka shiga ruwa da koma da gora, wanda ya fi kama babba shi ne gwani. Bikin kamun kifin da ake yi a Matan Fada, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, daga nan ya samo girmansa. Kakanninmu sun riga sun gano cewa tsohuwar gaba, idan aka ba ta fili da alƙali da lokacin tashi, sai ta koma zumunci mai gishiri. Abin da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ba da kuɗin talabijin aka saye shi ba.

Kuma ba sai mun je Amurka koyon yadda ake kasa rukuni ba. A gidan dambe akwai Kudu, akwai Arewa, akwai Guramada, akwai Jamus. Ɗan dambe ya san ɓangarensa, 'yan kallo sun san nasu, makaɗi ya san wanda zai zuga. A Nijar, tun 1975 da aka fara a Tawa, ake kokawar neman takobi tsakanin jihohi, kowace jiha da 'yan kokawarta goma, ana zagayawa da masaukin baƙi daga gari zuwa gari. Duk lokacin da Issaka Issaka na Dosso zai shiga fili, a nan Kebbi ma wayoyi cika suke da bidiyonsa, domin Dosso maƙwabta ce, muna jin kamar namu ne. Abin da ke riƙe da waɗannan wasanni shi ne mutum ya san daga ina ɗan wasa ya fito, ya kuma san da wa za a yi masa dariya gobe a kasuwa idan an kayar da shi.

Ba za mu ɓoye matsaloli ba, suna nan. Ta farko kalanda: ASUU ta tafi yajin aiki yau, ASUP gobe, COEASU jibi, zangon karatu ba ya haɗuwa. Amma a namu ganin wannan hujja ce ta haɗawa, domin idan an rufe biyu huɗu suna nan, gasa ba ta mutu ba. Ta biyu 'yan haya. Kowa ya san yadda ake ɗauko gwani daga unguwa a manna masa katin shaida a ce ɗan aji biyu ne. Maganinta a buga sunaye da hotuna da lambar rajista tun kafin kaka ta fara, kowa ya gani. A yankin da kowa ya san kowa, ƙarya ba ta kwana. Wannan ma wata fa'ida ce ta maƙwabtaka: ɗan Auchi ba zai gane ɗan hayarmu ba, ɗan Jega kuwa ya san har gidan ubansa. Ta uku rigima. Wasan maƙwabta yana da zafi, kuma mun sha ganin an bi alƙalin wasa da gudu a gasar unguwa. Wannan sai an sa doka mai cizo, makarantar da magoya bayanta suka yi jifa a cire mata maki, ba sani ba sabo.

Akwai kuma ƙorafin da ya fi waɗannan ƙarfi, kuma mun daɗe muna juya shi. Za a ce kulle yaro a kwarin Rima tauye shi ne. Masu farautar 'yan wasa suna Legas da Abuja, kuma tafiya ita kanta makaranta ce, da yawanmu ba mu taɓa ganin kudu ba sai a dalilin wasa ko hidimar ƙasa. Gaskiya ne. Ba mu ce a rushe NUGA ko NIPOGA ba, a bar su su zama babbar sallah. Amma yaron da ya buga wasa 10 na gaske a shekara, aka ɗauki bidiyonsa ko da da waya ce, ya fi wanda ke jiran bikin da zai zo bayan shekara biyar abin nunawa. Ga filin wasa na Haliru Abdu a cikin gari, ga Kebbi United tana neman 'yan wasa. Tsani daga matakin ƙasa ake hawansa.

Darasi mafi tsada da muka ɗauko daga rushewar Pac-12 shi ne lokacin rubuta doka. Idan za a kafa wannan rukuni, a rubuta tun yau, tun babu ko kwabo, cewa duk abin da ya shigo raba daidai za a yi, jami'a da kwaleji kaso ɗaya, kuma wanda zai fita sai ya ba da sanarwar shekara biyu, sannan ko ya fita wasansa da maƙwabcinsa na nan duk shekara. Yau kowa zai sa hannu yana dariya, don ba abin da za a raba. Ranar da wani kamfanin shinkafa ko na waya ya kawo miliyoyi, ranar ce babba zai tuna shi babba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba mu da tabbacin takarda za ta riƙe kowa, su ma can suna da lauyoyi da kwantiragi suka watse. Amma gara a watse ana jin kunya da a watse ana cewa dama ba a yi alkawari ba.

Wani abu kaɗan da ya shafe mu a zauren nan. Dalilin da ya sa Ba'amurke zai gaya maka Oregon da Oregon State sun fara karawa a 1894 shi ne wani ya zauna ya rubuta, jaridar ɗalibai ta buga, aka adana. Mu kuwa a tambaye mu wane sashe ne ya ci kofin makarantarmu shekara biyar da suka wuce, sai musu ya tashi. Duk wanda ke neman abin da zai gwada alƙalaminsa a kai, ga fili nan kyauta: ya je wasan ɗalibai mafi kusa da shi, ya rubuto mana rahoto da Hausa, wa ya ci, a minti na nawa, wa ya ɓarar, me 'yan kallo suka rera. Ya sa kwanan wata.

Masu ikon fara wannan ba su da yawa: daraktocin wasanni na makarantun shida, shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha don alƙalan wasa, da ma'aikatar matasa da wasanni. Sakatariyar jiha kuwa a nan Gwadangaji take, da ƙafa ma za mu iya kai takarda. Mun fara tsara ta, shafi biyu ce, kuma muna neman mutum ɗaya daga kowace makaranta da zai karanta ya gyara kafin mu kai. Daga Aliero da Jega mun samu. Saura Dakingari da Argungu.

Idan Allah ya sa aka fara, roƙonmu ɗaya ne: wasan buɗe kaka a yi shi a Argungu, ranar Asabar. Mu 'yan difloma za mu cika mota biyu mu zo, za mu biya wa Baba mai shayi kuɗin mota ya ga ɗiyan makaranta da idonsa. 'Yan Argungu da ke cikin zauren nan kuma ku fara neman mai tsaron gida tun yanzu, don wanda muka gani a wasanku na ƙarshe, ko kifin da ya kwana a rana ba zai iya kamawa ba.